Takardar Jikin Kwalba

Saura kaɗan Auta ta ce ba za ta rubuta ba. Malamar kemistiri ce ta miƙo mata alƙalami da ƙananan takardu masu gam, ta ce sunayen da ke jikin kwalaben sinadarai sun koɗe, ta kwafe su sabo tunda hannunta yana da kyau. Auta ta buɗe baki, sai ta tuna gwaggonta, mai dafa abinci a makarantar, wadda ta samo mata aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaji da cewa ta gama sakandare. Alhali a aji shida na firamare Auta ta tsaya. Ta karɓi alƙalamin.

Kwana biyu tana yi. Harufa ta kwafa ɗaya bayan ɗaya, ƙananan lambobin ta saukar da su ƙasa kamar yadda ta gani. Abin da ya ba ta wahala baka-biyun nan ne da ke rungume da wasu harufan. Takardun ƙanana ne, wuri ba ya isa. Ta ɗauka ado ne, irin wanda masu rubuta allon shago suke yi, sai ta zubar da su. Rubutun ma ya fi tsabta.

Ranar Laraba 'yan aji biyar suka shigo. A cikinsu akwai wata siririya da ake kira Tabarau, wadda kullum sai ta ce wa Auta "Anti, sannu da aiki" kafin ta zauna. Ita da wata doguwa ake gwadawa, a fitar da ɗaya ta wakilci makaranta a gasar kimiyya. Malama ta ce kowa ya rubuta suna da fomular abin da ke kan tebirinsa, ta bi layi tana dubawa. A kan littafin Tabarau ta tsaya. Ta ɗauki alli ta rubuta a allo: CaNO₃₂.

"Ku taya ni gani," in ji Malama. "Oksijin talatin da biyu. Ke kaɗai za ki shaƙe iskar garin?"

Aji ya fashe da dariya.

"Malama, ni ma na yi mamaki," in ji Tabarau. "Haka yake a jikin kwalbar."

"Wace kwalbar? Anti, kawo min kalshiyam naitiret."

Auta ta riga ta kwashe kwalaben wannan tebirin zuwa bayan kantar ajiye kaya. Hannunta da lema. Ba ta san lokacin da babban yatsanta ya shiga ƙarƙashin takardar ba. Ta ɓanɓare ta, ta dunƙule, ta cusa a aljihun rigar aiki.

"Takardar ta faɗi, Malama," ta ce, idonta a ƙasa.

"Wallahi yanzu na gan ta," in ji Tabarau. "Anti, ai kin gani, ko?"

Auta ta ajiye kwalbar a gaban Malama, ta koma bayan kantar.

"Kuskure ba komai ba ne," in ji Malama, "amma ki ɗora wa baiwar Allah da ke wanke miki kwalba? Wadda ta wuce ajin nan tun kina koyon ɗaura ɗankwali? Zauna. Gasar ma na huta da zaɓe."

Ta juya ga allo. Ta ce NO₃ ƙunshi ɗaya ne, naitirojin ɗaya da oksijin uku, tare suke tafiya, ba a raba su, sunansu naitiret, cajinsu ɗaya ne na ragi. Kalshiyam kuwa cajinsa biyu ne na ƙari, don haka ƙunshi biyu yake buƙata kafin su daidaita. Baka-biyun shi ne igiyar da ta ɗaure ƙunshin, lambar da ke waje tana faɗin guda nawa aka ɗauko. Ta rubuta Ca(NO₃)₂. Ta ce in ƙunshi ɗaya ya isa, kamar a NaNO₃, ba a ɗaure shi.

Daga bayan kantar Auta take ji, kuma ta gane, tas. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Abin da ba zai ci minti biyar ba, da ta tambaya. Ta leƙa ta tsakanin kwalabe. Tabarau ta cire tabaran tana goge shi da gefen hijabi, ta daɗe tana gogewa.

Da aka tashi, Auta ta sami gwaggo a bayan kicin tana kankare tukunya, ta faɗa mata.

"To sai me?" in ji gwaggo. "Yarinya ce, gobe ta manta. Ke in kika buɗe baki, ni za ki tona. Wa ya ce musu kin gama sakandare? Ni ce."

"Gwaggo, an cire ta daga gasar."

"Gasa ake ci a gidanku? Ki gyara sauran a ɓoye, ki ja bakinki. Miƙo min sabulun can."

Auta ta miƙa mata. A hanyar gida ta yi ta taɓa aljihu, ta wuce kwata biyu ba ta jefa takardar ba.

Washegari Auta ta riga kowa shiga ɗakin gwaji. Ta fito da kwalabe goma sha ɗaya da ta cire wa baka-biyu, ta jera su a kan tebirin Malama, sunayen suna kallon kujera. Ta warware dunƙulalliyar takardar, ta danne ta da tafin hannu a gabansu. Da Malama ta shigo, ko jaka ba ta ajiye ba Auta ta fara magana.

"Ni na rubuta. Ni na cire. Kuma ban yi sakandare ba, Malama, firamare na tsaya."

Malama ta ɗauki takardar, ta dubi kwalaben ɗaya bayan ɗaya.

"Maganata da ke sai an tashi," ta ce. "Yanzu je ki kira min yarinyar."

"Malama, in kin yarda, a gaban ajin zan faɗa. A gabansu aka yi."

Malama ta dube ta, ta gyaɗa kai. Auta ta ɗauki takardar ta fita, ta bi baranda har ƙofar aji biyar, ta yi sallama. Kai arba'in suka juyo.