Gudun Taken Yari

Kiɗa uku kacal aka ce su zaɓa. Aziza, wata 'yar Wurno mai aiki a gidan rediyo, ita ce ta zo Goronyo da na'urarta tana ɗaukar kiɗan tsofaffin makaɗa don a ajiye wa na baya. Sodangi mai molo ya hawo mota tun daga Maikujera, ya iske abokin kiɗansa Mu'azu mai goge ya riga shi isowa daga Taloka, har ya faɗa wa yarinyar abin da za su kaɗa: na masunta, na manoman albasa, da na 'yan dambe. Babu taken Yari.

Kai, ran nan Sodangi ya cika ya yi fam! Taken Yari fa ba kiɗan kowa da kowa ba ne. Ubansa ne ya ƙago shi don wani gawurtaccen manomi na Maikujera mai suna Yari, kuma a tsakiyarsa akwai wurin da ake kira gudu, inda yatsu ke bin tsirkiya ukun nan na molo kamar ana zuba gero a ƙwarya. Dokar tsohon guda ce: in molo ya shiga gudu, goge ya kama bakinsa. Yau duk duniya ba mai gudun nan sai Sodangi, 'ya'yansa kuwa noman rani suka sa gaba. In bai shiga na'urar nan ba, da shi za a rufe shi a kabari.

"Mu'azu, mi niy yi maka?" in ji Sodangi, ko zama bai yi ba. "Shekara ashirin da biyu muna tare, yau kai ad da zaɓi?"

"Baba, na ga nan garin masunta ne, shi yas sa..."

"Ruhe mani baki! Duk ukun da kaz zaɓo goge ka magana cikinsu, molo na biye kamar bara. Ka ɗauka ban gane ba?"

Gaskiya abin ya daɗe yana cin Sodangi. Shekara biyu ke nan, duk inda suka taɓa taken Yari, da an iso gudu sai Mu'azu ya danna izgar da yake goga gogen da ita, goge ya yi ta ƙara har ya danne molo. Ya yi haka a wani buki a Rabah, ya sake yi a gayyar noma a Maikujera, gaban jikokin Yari kansu. Sodangi ya yi ta hadiyewa don kada a ce tsoho na kishin yaro. Amma yau tura ta kai bango, ya zazzage masa duka a gaban baƙuwa: shi ya ɗauko shi yana goge a tasha ba mai sauraro, shi ya koya masa shiga da fita, yanzu an goya shi ya ce ya fi mai goyon tsawo. Mu'azu ya sunkuyar da kai yana shafa ƙaro a izgarsa.

Aziza ta ce, "Baba, yi haƙuri. A cire na damben, a sa taken Yari."

Sai Mu'azu ya ɗago kai. "In za a sa shi, Baba, bari in riƙa maka wurin gudun."

"Ka riƙa mani? Gurgu ni ke? Da mun iso wurin, ka aje izgar ga bisa tabarma, in gan ta da idona!"

Haka aka yi. Suka zauna a zauren da aka ba Aziza, ta kafa na'ura, suka fara. Farkon taken ya tafi sumul. Da aka iso gudu, Mu'azu ya ajiye izga a tabarma, Sodangi ya rufe ido ya saki yatsu. A cikin kansa yana jin sa tsaf yadda ubansa ke yin sa. Ya ƙare, ya buɗe ido, ya harari Mu'azu.

"To, ɗiyata, kin ji kiɗa. Mai da shi in ji."

Aziza ta sa masa abin saurare a kunne. Farko lafiya lau. Da gudu ya zo, sai ga shi yana tuntuɓe, a taɓa biyu a tsallake ɗaya, ramuka ko'ina kamar buhun da ɓera ya ci.

"Na'urar ga taki ba ta da lahiya," in ji shi. "Sake!"

Ta sake kunna masa. Ramukan na nan inda suke, ba su gusa ba. Sodangi ya dubi hannunsa na dama, ya dubi yatsan tsakiya mai kumburarrun gaɓoɓi, wanda tun bara waccan ba ya lanƙwasuwa da safe sai ya gasa shi. Ya sa aka mayar karo na uku, yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Wallahi kowane rami ya san shi. Daidai nan ne gogen Mu'azu ke yin ƙarar da ta hana shi sakat shekara biyu.

Ya cire abin daga kunne. "Shekara biyu, Mu'azu! Kab bar ni ina zagin ka cikin raina, ba ka hwaɗa mani ba?"

"Da wane baki, Baba?"

Can Aziza ta tambaya a hankali ko ta share wannan ɗin.

Sodangi ya miƙa hannu ya ɗauki izgar daga tabarma, ya tura wa Mu'azu a ƙirji.

"Ka san gudun duka, ko ramukana kaɗai kas sani?"

"Na san shi duka, Baba. A gona nika koyo nai, inda ba ka ji."

"Ɗan banza," in ji Sodangi, ya share ido da bakin rigarsa. "Ɗiyata, kunna abinki."

Suka sake ɗaukowa daga farko. Da aka iso gudu, Mu'azu ya ja izga, taken Yari ya zubo cikakke, ba rami ko ɗaya. Sodangi ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiya ukun, ya riƙe su har aka wuce.