Shuɗi a Inda Garinmu Yake

Shekara goma sha tara ban taka garinmu ba, tun da muka yi faɗa da yayana a kan katangar gida. Ni mai walda ne, in na yanke abu na yanke. Amma da likita ya ce jinina ya hau, sai na ce bari in je in ga kabarin mahaifiyarmu tun ina iya tuƙi. Ba wajen yayana za ni ba.

'Yata ta biyu, mai aikin jinya, ta same ni da hantsi a shagona da ke ƙofar gida. Ta ce hanyoyi sun canza, can kuma babu sabis, bari ta sauke mini taswira a waya, ko ba data za ta nuna hanya. Na ce garin da aka haife ni waya za ta nuna mini? Ta ce ai ko gidanta sai da na wuce sau biyu. Na miƙa mata.

Wani ɗan akwati ya fito a gilashin wayar. Ta ce abin da ke cikinsa kaɗai zai sauka. Tana ja da yatsu biyu, ina faɗa mata: bayan gada, hagu da dutse. Ga gadar, ga dutsen. Sai ta tsaya.

"Wuce mana. Mene ne wannan shuɗin?"

"Ruwa ne, Baba."

Na ce ƙarya wayar take, garin da ko rijiya sai an sha wuya. Ta ƙara girman wurin. Titinmu ya zo ya nutse a shuɗin, bai fito ba. Ta karanta mini rubutun da ke kai: madatsar ruwa.

Na zauna a kan tukunyar gas. Can na tashi na shiga cikin gida, na tarar da matata tana shanya. Ban gama tambaya ba ta ce shekara shida ke nan. Sau uku yayana yana aikowa kafin a tashe su, kuma duk sanda ta fara da "Yaya ya ce", sai in ɗauki hulata in fita.

"Kabarin fa?"

"Ko ruwan ya kai maƙabarta ko bai kai ba, shi ya sani."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda mai lambar wayar yayana, duk ta koɗe. 'Yata ta tambaya ina za ta ɗora akwatin yanzu. Na ce ta bar shi tukuna, ta danna mini lambar.

Aka ɗauka nan take. Muryar wani tsoho ce, ban gane ta ba.