Kafaɗar Malam Attahiru

Shekara tara na yi ina ɗauke da saƙon mamaci, alhali gidan da zan kai shi bai fi taku arba'in daga ƙofarmu ba. Ni ne Kailani, wanda mutanen Tudun Wada suke ce wa Kailani Bama, saboda na je yaƙin Bama na dawo ina jan ƙafa ɗaya. Mu biyu muka tafi daga unguwarmu, ni da abokina Salmanu, ɗan Malam Attahiru mai ɗinkin manyan riguna. Ni kaɗai na sauko daga jirgi a tashar Zariya.

Salmanu ɗan fari ne, Malam kuwa yana da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, har ma ya fi su. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Uwar yaron ta rasu yana goye, sai yayar Malam, Gwaggo Ishatu, ta raine shi a cikin gidan. In ya zama dole Malam ya ambace shi, sai ya ce "yaron Gwaggo". Ranar da za mu tafi ma bai raka mu tasha ba. Gwaggo ce ta biyo mu har bakin zaure, ta danƙa wa Salmanu wata hula, ta ce a kasuwa ta saya.

A wani asibitin sojoji a ƙasar Indiya Salmanu ya cika. Gadajenmu suna jere, ni da raunin ƙafa, shi da na ƙirji. Akwai wani tsohon Ba'indiye mai sharar ɗakin, siriri, wanda kullum da safe yake zama gefen Salmanu yana koya masa abin da suke kira yoga: yadda ake jan numfashi da ƙidaya, yadda ake miƙar da baya, yadda mutum zai kwanta ya saurari jikinsa. Salmanu ba ya iya tashi, numfashin kaɗai yake yi. Don haka ni ya ɗora wa lanƙwashe-lanƙwashen, yana kwance yana gyara mini kamar wani saje. Da na gaji na ce masa ni ba ɗan wasa ba ne, sai ya ce ai ba don ni ake yi ba. Ya ce tun kafin a haife shi babansa yake duƙe a kan riga, wata rana bayan nan zai ƙi miƙewa, in na koma gida in koya masa. Kwana biyu kafin ya rasu ya ba ni hular, da wata magana guda da ya ce in faɗa wa Malam baki da baki.

Sau uku ina zuwa zauren Malam bayan na dawo. Duk sa'ad da na durƙusa na ce, "Baba, Salmanu ya ce," sai ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya tambaye ni ya ƙafa. A zuwa na uku na tashi da fushi, ban ko yi sallama ba. Mutanen unguwa suna ta yabonsa, wai ranar da masinja ya kawo takardar rasuwar ko allurar hannunsa bai ajiye ba, ya yi salati ya ci gaba da ɗinki. Su suka kira shi haƙuri. Ni a raina na ce mutumin nan ba shi da zuciya, kuma na daɗe ina jin haushinsa. Gwaggo ce ta sha kuka, har hankalinta ya fara gushewa. Duk ranar da ta ji kukan jirgi sai ta tambaya ko na sojoji ne.

A bazarar 1954 abin da Salmanu ya hango ya zo. Kafaɗar Malam ta dama ta riƙe, wuyansa ya sandare, hannun ya ƙi wuce ƙirji. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya cika da tabo, aka kawo man shafawa daga asibiti, aka sha rubutu, shiru. Wata riga mai aska takwas da ya fara ta yi wata biyu a rataye, rabin aiki.

Nan na tafka wauta. Na je zauren da la'asar, yaran ɗinkinsa suna nan, 'yan hira suna nan, na ce ina da magani. Na tuɓe riga na fara nuna musu. Ka ga ƙaton mutum da gurguwar ƙafa yana ƙoƙarin tsayawa a kan ɗaya, hannuwa sama. Ban kai ƙidaya uku ba na tafi luu na faɗa kan buta. Nagoda mai goro ya ce ashe abin da aka koyo a Bama ke nan, sallar Indiyawa. Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Malam bai yi dariya ba, ya dai ce in sa rigata.

Bayan kwana shida ya aiko a kira ni da hantsi. Ba a zaure na same shi ba, yana can shigifa shi kaɗai, an saki asabari a ƙofar da ke shiga tsakar gida. Ya tambaye ni ko abin nan akwai sujada ga wani abu a ciki, na ce babu. Ya ce akwai wasu kalmomi da ake karantawa? Na ce a yadda aka koya mini babu, ƙidaya ce kawai. Ya ce to, ƙidaya dai ba ta karya alwala. Ya tambayi wanda ya koya mini, na ce wani ne a asibiti. Ƙarya ce rabi, amma na san in na faɗi sunan a ranar, ƙofa zai nuna mini.

Da haka muka fara. Ina aikin gadin dare a makarantar akawu da ke unguwar Kongo, safiyata tawa ce, don haka kullum da hantsi ina wurinsa. Ya zauna a tabarma ya miƙar da baya, ya ja numfashi ina ƙirga huɗu, ya sake shi ina ƙirga shida. Ya tsaya ya fuskanci bango, yatsunsa su riƙa hawa a hankali, ni kuma in ja layi da gawayi a inda suka tsaya. Ranar da na ce ya durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu ya gantsare kamar kyanwa ta tashi daga barci, ya dube ni ya ce, "Kailani, da gemuna?" Na ce daga ni sai bango. Ya yi. Na tabbata da akwai mutum na uku a ɗakin, har ya koma ga Allah ba zai yi ba.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne bai san inda kafaɗarsa take ba. In ɗora hannu a kanta in ce, "Baba, sauke ta." Ya ce ai a sauke take. Ga ta nan kuwa ta kusa taɓa kunne. Mutumin da zai hango zare ɗaya da ya kauce a rigar wani daga nesa, amma bai san ya ɗage kafaɗa ba, bai san yana cije haƙora ba, bai san yana riƙe numfashi ba. Sai da muka yi kwana goma ina taɓawa ina faɗa, sannan rannan, kafin in kai hannu, ya ce, "Tsaya, na ji ta." Ya yi murna kamar yaron da ya sauke Alƙur'ani. Ni ma na yi murna, na kuma ji haushin kaina da na yi, don har lokacin ban huce ba.

Kullum muna rufewa da kwanciya. Ya kwanta rigingine, ya saki hannuwa, ya rufe ido, in riƙa kiran gaɓoɓinsa daga yatsun ƙafa zuwa goshi, shi kuma ya duba me ke wurin, ba tare da ya gyara kome ba. Tsohon Ba'indiyen nan kwanciyar gawa yake kiranta. Wannan ma ban gaya wa Malam ba.

Layin gawayi ya yi ta hawa bango. A mako na biyar ya iya sa hula da hannun dama. A na shida ya ɗauko rigar nan mai aska takwas ya yi mata 'yan ɗinki kaɗan, ya ajiye. Yaransa suka fara cewa Kailani Bama ya iya magani, Nagoda ma ya aiko yana tambaya ko ana yi wa ƙugu. Ni kuwa raina ba daɗi. In kafaɗar ta warke ba ni da sauran dalilin shiga shigifar nan, ga hula tana aljihuna kullum ina zuwa da ita ina komawa da ita.

Ranar wata Talata, damina ta sauka, an yi ruwa da asuba ya ɗauke. Muna cikin kwanciyar ƙarshe, na kai kiran gwiwa, sai ya yi magana idonsa a rufe. Ya ce kwanan nan yana bin kafaɗar yana lura da ita. Bayan sallar asuba a sauke take, in yana karatu a sauke take, har ya karya kumallo. Amma da zarar ya ji jan ƙafata a bakin zaure sai ta hau.

Na ce ko motsa jikin take tsoro.

Ya ce, "A'a. Na bi ta baya. Shekara tara ke nan, ko wucewa ka yi ta ƙofar gida sai ta hau, ban sani ba sai yanzu." Ya ja numfashi, na ga yana ƙirgawa da yatsa. "Ba allura ce ta kama ni ba, Kailani. Ranar da aka kawo takardar nan, hannuna yana sama na ja zare. Mutane suka ce na yi haƙuri. Ni dai na san da na sauke hannun nan a lokacin, da ƙasa zan faɗi a gaban yara. Ashe ban sauke shi ba har yau."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara tara ina zagin mutumin nan a zuci, shi kuwa jin takuna kaɗai yana ƙara masa ciwo. Daga tsakar gida ana jin Gwaggo tana ɓarar gyaɗa tana 'yan surutanta.

Ya buɗe ido ya dubi rufin ɗaki. Ya ce, "Wanda ya koya maka a asibitin nan. Wane ne?"

Na gaya masa. Na gaya masa gadaje biyun, da tsohon mai shara, da yadda aka riƙa gyara mini tsayuwa daga kwance, da wanda aka yi duk wahalar dominsa. Bai ɗaga hannu ba wannan karon. Ya tashi zaune a hankali. Na zaro hular na ajiye a gabansa, ta koɗe, gefenta ya yi baƙi da gumi.

Na ce, "Baba, ya ce in gaya maka ya san ɗinkinka. Ya ce ka karkata zaren da gangan don kada ya gane, amma duk Zariya ba mai ƙulle ƙarshen zare sau biyu ta ciki sai kai. Tun a bakin zaure ya gane. Ya ce bai yi maka godiya ba ne don kada ya ba ka kunya."

Malam ya ɗauki hular ya juya cikinta waje. Ya bi ƙullin da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya zagaye. Ina kallo kafaɗar nan ta sauka, ta sauka ƙasa da inda na taɓa ganinta. Ya ja numfashi mai tsawo, da zai sake shi sai ya fito da sunan da bai faɗa ba tun ranar da ya yi wa jaririn huɗuba a kunne.

"Salmanu."

Bai san da ƙarfi ya faɗa ba. Ɓarar gyaɗa ta tsaya a tsakar gida. Sai muka ji muryar Gwaggo, tana rawa don murna.

"Attahiru, ya iso ne?"

Muka ji ta ture faifai, tana lalubar sandarta. Na yunƙura zan fita in tare ta da wata ƙarya, yadda kowa a gidan ya saba yi, sai Malam ya dafa gwiwata. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba. Ya ce in zauna, shi ne bai taɓa gaya mata rasuwar da bakinsa ba.

Ya miƙe da hular a hannun hagu, ya ɗaga asabarin da na dama har sama da kansa, ya shiga wurinta.