Tsumman Baba da Kalandar Manaja

Kafin Manaja ya sani, kafin Mai Kwamfuta ya fara zufa a kai, Baba Mai Shara ne ya fara ganin abin, kuma da idonsa ya gani, ba labari aka ba shi ba. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa aka rubuta masa sai ya riƙe takardar a juye, amma shekara talatin da ɗaya ke nan yana share ofishin. Manaja biyar ya ga shigarsu, ya ga fitarsu. Sau uku ana rage ma'aikata, masu manyan takardu suna kwashe kayansu a kwali, shi yana nan da tsintsiyarsa. Rufin ɗakin ajiya ya taɓa rufto masa a ka, ya miƙe ya karkaɗe hularsa ya share ɓaraguzan.

Manaja na shida ya ce ya gaji da ƙwanƙwasa ƙofa ana tambayarsa ko yana da sarari. Sai ya sa Mai Kwamfuta ya buɗe wa ma'aikata kalandarsa ta cikin manhajar imel, aka kuma kafa wani allo irin wanda ake taɓawa da yatsa a bangon ɗakin baƙi, yana nuna tarurrukan mako. Izinin da aka ba kowa, har da allon, na kallo ne kawai. Mutum ɗaya aka ba ikon sawa da cirewa, wato Sakatariya.

Baba bai san abin da ke rubuce ba, launi yake gani: akwatuna shuɗɗa, koraye, da ja jefi-jefi. Kullum ƙarfe bakwai, kafin kowa ya iso, yakan goge shatin yatsun da baƙi suka bari. Wata safiya ya tarar da maiƙo ya kama, ya danna tsumma da ƙarfi ya ja. Sai wani koren akwati ya biyo tsumman, ya bar layinsa ya sauka a layin gaba. Baba ya yi dariya shi kaɗai, ya ce kayan zamani har da wasa. Ya ɗauka ado ne, kamar kifin da ake sawa a gilashi. Daga ranar, in bai ga akwati ya motsa ba sai ya ji kamar bai goge da kyau ba.

Ba a yi mako biyu ba ofis ya rikice. Baƙi su zo Talata, Manaja yana wani gari. Manaja ya sa babbar rigarsa ya zauna jiran taro, ashe jiya aka yi shi. Mai Kwamfuta ya cire izinin ya mayar, ya kashe ya kunna, ya sake cirewa. Kowane karo amsarsa ɗaya: “Yallaɓai, ga shi a rubuce, kallo kawai. In wani abu ya motsa, daga teburinta ne.”

Sakatariya ta rame. Ta sayi littafi tana rubuta kowane taro da biro, tana duba kalandar sau goma kafin ta tashi. Baba yana ganin tana ta fama, amma bai taɓa haɗa damuwarta da tsummansa ba.

Ran nan ya gama goge-goge ya shiga da bokiti, ya same ta ta kifa kai a kan tebur.

“'Yata, lafiya? Ko mijin naki ne ya sake ɓata miki rai?”

“Ina ma shi ne, Baba.” Ta ɗago, idanunta sun yi ja. “Jiya Manaja ya ce in aka ƙara sau ɗaya, in haɗa kayana. To an ƙara. Taron manyan baƙin nan, jan akwatin, da hannuna na sa shi Laraba. Yanzu na buɗe na gan shi a Juma'a. Na mayar, amma saƙo ya riga ya tafi wayarsa. Baba, ko dai na fara taɓuwa ne ban sani ba?”

“Jan akwati?”

“Shi kaɗai ne ja a makon nan.”

Baba ya dubi tsumman da ke hannunsa. Ko rabin sa'a ba a yi ba da jan akwatin nan ya bi tsummansa layi biyu. Ya juya ya fita. Ya wuce ɗakin ajiya, ya kifa bokiti ya zauna a kai. Abin da ya raya shi shekara talatin da ɗaya a gidan nan shi ne riƙe baki. Bai taɓa ganin wanda ya ce “ni ne” ya kwana da aikinsa ba. Gwiwoyinsa sun gaji, kuma ba mai ɗaukar tsoho sabon aiki. Amma yarinyar nan ce ke karanta masa takardar maganin gwiwar, ga 'ya'ya biyu, ga tsohuwarta a wuyanta. Ya daɗe a zaune yana murza tsumman. Da ya ji an kira ta ofishin Manaja, ya dafa bango ya miƙe.

Ya same su su uku: Manaja a zaune, Mai Kwamfuta rungume da na'urarsa, Sakatariya a tsaye da littafinta.

“Baba, ba yanzu ba, an riga an share,” in ji Manaja.

“Ranka ya daɗe, ba shara na zo ba. Ɓarawon da kuke nema na kawo muku.” Ya ɗaga tsumman.

Mai Kwamfuta ya yi murmushin gajiya. “Baba, wannan ba irin taku ba ce. Allon can ba ya iya canza komai. Ni na kulle shi.”

“Ɗana, na ga ƙofa da kwaɗo uku akuya ta shiga. Taso.”

Suka bi shi ɗakin baƙi. Baba ya naɗe tsumman a yatsu biyu, ya danna jan akwatin, ya ja. Akwatin ya taho salin-alin ya zauna a Alhamis. Wayar Manaja ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya karanta: an ɗage taro.

“Ba zai yiwu ba,” in ji Mai Kwamfuta. Ya sa nasa yatsan, akwatin ya koma. Ya buɗe na'urarsa ya juyo musu da ita. “Ku duba fa! Kallo kawai!”

“To ka karanta wa allon, wataƙila shi ma bai yi makaranta ba,” in ji Baba.

Ba wanda ya yi dariya. Manaja ya cire tabarau ya daɗe yana murza idanu. Bai ba kowa haƙuri ba, manya ba su cika iyawa ba. Ya dai ce wa Sakatariya ta koma teburinta, akwai wasiƙu suna jira. Sannan ya dubi Baba.

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da maiƙo ya kama.”

“Kada ka ƙara taɓa shi.”

“Ko ƙuda ya mutu a kai, ranka ya daɗe, sai dai ya ruɓe.”

Sakatariya ta wuce ta gefensa, ta riƙe hannun rigarsa kaɗan ta saki. Baba ya koma ya ɗauki bokitinsa, gwiwa na ciwo, ga matakala biyu ba a wanke ba.

Mai Kwamfuta ya rubuta wa masu manhajar, suka ce suna dubawa. Ya sake rubutawa, suka ce ya cire izinin ya mayar. Wata huɗu ke nan. Sakatariya na nan a kujerarta, allon kuwa ya yi dauɗa har shuɗi da kore sun fara zama ɗaya, kuma kowa ratse shi yake yi kamar rami. Duk mai ganin ƙarya ce, ƙofar a buɗe take daga takwas zuwa huɗu. Ya shiga ya sa yatsansa a kan akwati ɗaya ya ja, in ya isa, sannan ya tsaya ya jira fitowar Manaja.