Bel Ɗin da Auta Bai Maƙala Ba

Yaya yana dama fenti a ƙasa ya ɗaga kai, ya hango ƙanensa Auta a kan katakon hawa na uku yana shafa bango, bel ɗinsa na tsaro yana reto, bai maƙala shi a ƙarfe ba. Yaya bai yi kira ba, kada muryarsa ta firgita shi.

Ba yau aka fara ba. Tun rasuwar matarsa Auta yake haka. Abinci sai an matsa masa. Maganin tari kwalba-kwalba yake sha, alhali ba tari yake ba. Babur ɗinsa babu birki, ya ƙi gyarawa. Abokan aiki har kirari suke yi masa, wai ƙadangare ne, bango ba ya kayar da shi. Yaya ya yi faɗa har ya gaji, duk a zatonsa sakarci ne.

Ya hau tsani a hankali, ya zauna kusa da shi. Ya nuna bel ɗin.

"Mantuwa ce, Yaya."

"Kullum mantuwa? Dube ni. So kake ka mutu?"

Maganar ta fito kafin ya auna ta. Ya jira Auta ya yi dariya, ko ya ce a'uzubillahi. Auta dai ya tsura wa titi ido.

"Ba zan yi wa kaina komai ba. Ina tsoron Allah." Ya goge hannu a wando. "Amma in ƙafata ta zame, ai ba ni na yi ba."

Yaya ya ce an tashi aiki, asibiti za su yanzu, kuma daga yau a gidansa Auta zai riƙa kwana. Auta ya ce fenti zai daskare a bokiti, mai ginin zai yi surutu. Yaya ya ce ya daskare.

Ƙa'idar aikinsu, mutum ɗaya ne a tsani, sai ya taka ƙasa wani ya hau. Yaya ne ya koya wa kowa haka. Amma yau ya fara sauka, ya tsaya a kan tsanin bayan 'yan matakai, ya ce Auta ya biyo shi.

"Ba zai ɗauke mu mu biyu ba."

"To taka a hankali. In ka zame, a kaina za ka faɗo."

Auta ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye burushi, ya kama tsanin da hannu biyu.