Ƙarar Gaji a Gindin Tsamiya

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shekara ɗaya tak Haruna ɗan Maiwada ya yi yana karatun lauya a jami'a a Zariya, amma da ya dawo Toranke hutun daminar 1977 sai ka rantse shi ya rubuta dokar ƙasa. Ko gardamar akuya ake yi a bakin masallaci sai ya sako baki da sashe kaza.

Abin da ya fi cika masa kai shi ne yarjejeniyar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa wa hannu a Ikko shekara biyu da suka wuce. An koya musu cewa kotun alƙali tana ƙarƙashin babbar kotu, ita kuma tana ƙarƙashin kotun ƙoli, ga shi yanzu ana maganar wata doka da za ta haɗa ƙasashe, har da kotunta. A nan ya faɗi jarrabawa, kuma zai sake ta in an koma. Gidansu akwai hayaniya, don haka yakan kwashi littattafai ya tafi gindin tsamiyar da ke tsakiyar gonar ubansa.

Kowa ya san ba a zaman gindin tsamiya da rana tsaka. An faɗa masa, ya yi dariya. Can yake bitar karatu da ƙarfi, shi ne alƙali, shi ne lauya, gero ne 'yan kallo. Ran wata Laraba, bayan an ɗauke ruwan safe, wasan ya yi masa daɗi. Ya buga littafi a kan saiwa, ya ɗaga murya:

"An buɗe kotun da ta fi ta kowace ƙasa! Akwai mai ƙara?"

Tsuntsaye suka yi tsit. Daga cikin gero wata murya ta ce, "Akwai, Allah gafarta Malam."

Tsohuwa ce ta fito, siririya, da zanen saƙi irin wanda aka daina ɗaurawa. Ta ratso geron ko ganye bai motsa ba. Ta durƙusa nesa kaɗan, yadda ake yi a gaban alƙali. Haruna ya dubi danshin ƙasar da ta biyo, bai ga sawu ba. Tsigar jikinsa ta tashi.

"Iya, wasa nake yi," in ji shi.

"Ba a buɗe shari'a da wasa. Sunana Gaji, mutuniyar Damagaram ce. Mijina ne ya sare dajin nan da hannunsa. Da ya rasu na je gida na kai labari, na dawo na tarar Maiwada ya shuka. Alƙali ya ce in kawo shaidu, shaiduna kuwa suna ƙasar Faransi, ba mai zuwa. Aka ba Maiwada rantsuwa, ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Na koma Damagaram, suka ce gonar tana ƙasar Ingilishi, dokarsu ba ta kai nan ba. Tun ran nan nake tsakani, can ba a karɓe ni ba, nan ba a karɓe ni ba. Yau na ji ka ce akwai kotun da ta hau kan duka biyun. Ga ni."

Haruna ya ji tsoro, ya kuma ji kunya, don ya san gaskiya ta faɗa. Ya tuna ubansa bai taɓa cin tuwon geron gonar nan ba, kullum sai ya ce yana ɓata masa ciki. Amma gonar nan ita ce cin gidansu, mutum goma sha ɗaya. Yaya zai buɗe baki ya ce ubansa ya yi rantsuwar ƙarya? Sai ɗan karatun nan ya kawo masa mafita, har ya ji sanyi a ransa.

"Iya, kotun nan a takarda kawai take, ba a kafa ta ba tukuna. Ko an kafa, ƙasa ce ke kai ƙarar ƙasa, mutum ɗaya ba ya shiga. Ba ni da hurumin sauraron maganarki."

Wallahi amsar daidai ce. Da a jarrabawa ya rubuta ta, da ya ci.

Tsohuwa ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Kai ma ka tura ni gaba ke nan. To, saura kotu guda ɗaya. Na so a ƙare a nan, don can ba a aika wakili, wanda ake ƙara shi ke zuwa da kansa."

Ta miƙe ta shige gero. Nan da nan tsuntsaye suka ci gaba da kuka.

Haruna ya bar littattafan a wurin, ya zuba da gudu. Ya tarar da Maiwada a zaure, mutumin da ya bari da safe lafiya lau yana gyara ƙotar fartanya. Yanzu yana jingine da bango, ya yi alwala, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, gumi na tsattsafo masa.

"Baba, wace ce Gaji?"

Maiwada bai yi mamaki ba. "Ta rasu a hanyar Maigatari shekarar da aka haife ka. Yanzu aka yi sallama a ƙofa, aka ce ana nemana." Ya ja numfashi da ƙyar. "Wurinka ta fara zuwa?"

"E, Baba."

"Me ka yanke?"

"Na ce ba ni da hurumi. Don kai na yi, Baba."

Tsoho ya rufe ido, hawaye ya bi gefen gemunsa.

"Kayya, ɗan nan. Ai da ka yanke mata, gona kawai za mu rasa."