Turken Bakin Burtali

Gonar da muke ci ba tamu ba ce. Ta Baba Salihu ce, aro ya ba uban mijina tun zuwansa ƙasar Kurfai daga wajen Dogon Dutsi, mu kuma muka gaji aron. Kowace kaka mukan kai masa dami, ya karɓa ya sa mana albarka. Mu kaɗai ne Kirista a garin, sai mun shiga Filinge muke samun abokan sujada, amma ba wanda ya taɓa tsangwamar mu. An san mijina Ishaya da abu guda: ba ya rantsuwa, ba ya ƙarya. A da har alfahari nake yi da wannan hali, don halin bai taɓa taɓa mini tukunya ba.

Gonar da Baba Salihu ke nomawa da kansa tana jikin tamu, bayanta kuma burtali ne, hanyar shanu, wadda gwamnati ta kafa wa turakun siminti. Da farkon damina 'ya'yansa suka zo da amalanke, suka tumɓuke turke ɗaya, suka matsar da shi cikin burtalin, suka shuke wurin. Ishaya yana noma a gefe, komai a kan idonsa. Ya yi musu magana, suka ce ya ji da aikin gabansa.

Da kaka ta gabato, wani makiyayi mai suna Kailu ya gangaro daga Abala. Shanu ba su san an matsar da turke ba, inda suka saba bi nan suka bi, suka tattake hatsin. Aka je gaban mai gari. Baba Salihu ya ce ɓarna ce, a biya shi da shanu, Kailu ya ce hanya aka ci. Kowannensu ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Mai gari ya ƙi, don ya san dole ɗaya ya rantse kan ƙarya, kuma ba ya son alhakin ya sauka a garinsa. Sai ya ce a kira Ishaya, abin da ya faɗa shi ke nan.

Kafin saƙon ya iso, matar Baba Salihu ta shigo gidanmu, wai gaisuwa ta zo. Ta yaba hatsinmu, ta ce Allah ya sa baɗi ma mu noma gonar. Ni ba yarinya ba ce, na gane.

Na tare Ishaya a bakin rumbu. Na tuna masa ba mu da ko taƙin ƙasa, ga uwarsa ta tsufa, ga 'yarmu Haske ko yaye ba a yi ba. Na yi kuka, na yi masifa, har riga na riƙe masa.

"Baban Haske, mi za mu ci? Ka ce kanka na duƙe kana noma. Wa zai ce ba haka ba?"

"Na ɗaga kai, Saratu, na gani. In na ce ban gani ba, da bakina za a amshe shanun Kailu."

Na ce Kailun da ko nono bai taɓa ba mu ba? Ya ce shi ma tsoro yake ji. Amma wai Almasihu bai bar masa wata ƙofa tsakanin i da a'a ba. Ya roƙe ni in yi masa addu'a, na juya masa baya.

Duk da haka na bi shi, na laɓe bayan darni tare da sauran mata. Baba Salihu yana zaune yana kallonsa, mutumin da ya auno mana hatsi shekarar fari ba mu roƙa ba. Mai gari ya yi tambaya.

"Ranka shi daɗe, turken ba nan yake ba. Ɗiyan Baba sunka matsar da shi, ina kallo." Ishaya ya juya ya durƙusa. "Baba, ka gahwarce ni."

Kailu ya kora shanunsa ya yi kudu, ya ɗaga mana sanda daga nesa, godiyar ke nan. Baba Salihu bai yi faɗa ba. Da muka kai dami ya karɓa, ya ce baɗi yaransa na bukatar gonar.

Rani ya ƙare Ishaya yana bin gidaje neman aro. Ko'ina sai a shimfiɗa masa tabarma, a ce ai irinsa sun yi ƙaranci a duniya, a rako shi har ƙofa. Kowa na son mai gaskiya, amma ba mai son gonarsa ta haɗa iyaka da tasa.

Ran da ruwan shuka ya sauka, gari ya watse zuwa gona, mu muna gida, rumbu ya daɗe da ƙarewa. Na taka turmi na sauko da zangarniyar da muka zaɓa muka rataye a rufin ɗaki, na sussuke ta. Ishaya yana bakin ƙofa.

"Saratu, wanga ai na shuka ne."

Na ce na sani, ya nuna mini inda za mu shuka shi. Ya sunkuyar da kai. Haske tana kuka a bayana, na zuba irin a turmi na ɗaga taɓarya.